Amsa ga kafintan da tsoro ya hana barci

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Ni kafinta ne, shekarata 41, ina da mata da 'ya'ya huɗu da yaran shago uku. Shekara biyu ke nan da aka ƙone mini shago a wata tarzoma, na sake kafawa da bashi. Yanzu kuma an fara jifana da maganganu, har an aiko mini cewa in tattara nawa-i-nawa. Ba na iya barci. Duk wanda na kai wa kuka sai ya karanta mini Irmiya 29:11, wai Allah yana da kyakkyawan shiri domina. A wani taron addu'ar dare wani mai wa'azi ya ce cikin kwana 90 maƙiyana za su watse, na ba shi kuɗin da na tara na sayen katako, yau wata bakwai shiru. Tsoron nan rashin bangaskiya ne? Ina shirin yake? In zauna ko in tashi?

Amsa: Ɗana, sannu da wannan jarrabawa. Ubangiji ya tsare ka da iyalinka da yaran shagonka. Na yi shekaru da yawa ina koyar da Tsohon Alkawari a makarantar Littafi Mai Tsarki, kuma cikin ayoyin da nake tausayi babu kamar wannan da ake ta karanta maka. An raba ta da danginta, an liƙa ta a bayan Keke Napep da kalandar ikilisiya da katin biki, ta koma marainiya. Zan mayar da ita gidansu ka gan ta a tsakiyar 'yan'uwanta. Amma bari in fara sauke maka kaya mafi sauƙi.

Tsoronka ba zunubi ba ne. Wanda wuta ta taɓa cinye masa shago, in ya ji ƙaurin taya da tsakar dare gabansa bai faɗi ba, a duba lafiyarsa. Nehemiya da kansa ya rubuta cewa ranar da sarki Artashate ya tambaye shi abin da ya ɓata masa fuska, tsoro ƙwarai ya kama shi. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa da suka isa Makidoniya ba su sami sukuni ba, faɗa a waje, fargaba a ciki. A Zabura 56 Dawuda cewa ya yi ranar da ya ji tsoro zai dogara ga Allah, ka ga tsoro da dogara a baki ɗaya, a aya ɗaya. Ubangiji Yesu a Getsamani sau uku yana roƙo a ɗauke masa ƙoƙon. Shi kuwa "kada ka ji tsoro" da ke ko'ina cikin Littafi, irin maganar da uwa ke yi wa ɗanta ce cikin duhu tana riƙe da hannunsa, shi ya sa sau da yawa dalilinta ke biye da ita: gama ina tare da kai.

To, ɗauko Littafinka ka buɗe Irmiya 29, amma daga aya ta 1 za ka fara. Wasiƙa ce. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci Urushalima. Ya kwashi sarki Yekoniya, wanda ake kuma kira Yehoyakin, saurayi ɗan shekara 18 da wata uku kacal ya yi a kan karaga, tare da mahaifiyarsa da fadawa da masu sana'ar hannu da maƙera. Kalmar da aka sa wa masu sana'ar nan ta haɗa har da masu aikin itace, ke nan abokan sana'arka na cikin ayarin. Aka bar talakawa a ƙasa, aka naɗa musu Zadakiya. In kana son ka leƙa zuciyar kamammu a Babila, karanta Zabura 137. Sun rataye garayunsu a itatuwan bakin kogi, an ce su yi waƙa sun ƙi, ƙarshen zaburar kuwa fata ne a fyaɗa jariran Babila a kan dutse. Irin mutanen da aka rubuta wa ayarka ke nan.

Koma baya kaɗan, sura 28. Akwai wani annabi, Hananiya ɗan Azzur, mutumin Gibeyon. A cikin Haikali, gaban firistoci da jama'a, ya ce Ubangiji ya karya karkiyar sarkin Babila, nan da shekara biyu cif za a dawo da kayan Haikali da sarki da dukan waɗanda aka kwasa. A lokacin Irmiya na yawo da karkiyar itace a wuya, alamar cewa bautar nan ba ta yau ko gobe ba ce. Ka san abin da ya ce? "Amin, Ubangiji ya sa haka." Shi ma abin da ransa ke so ke nan. Sai dai ya ƙara da cewa annabin da ya yi albishirin salama, sai maganarsa ta cika za a san aiko shi aka yi. Hananiya ya cire karkiyar daga wuyan Irmiya ya karya a bainar jama'a. Irmiya bai ce uffan ba, ya kama hanyarsa. Daga baya Ubangiji ya komo da shi da saƙo: ka karya ta itace, ta ƙarfe ce za ta maye gurbinta, kuma ka sa mutanen nan sun dogara ga ƙarya. A wata na biyar aka yi wannan arangama. A wata na bakwai Hananiya ya mutu.

Can Babila ma akwai irinsa, suna gaya wa mutane kada su kwance kaya. Sai ga wasiƙar Irmiya a hannun Elasa da Gemariya, jakadun da Zadakiya ya aika wurin Nebukadnezzar. Abin da ke ciki: ku gina gidaje ku zauna. Ku dasa lambuna ku ci amfaninsu. Ku yi aure ku haihu, ku aurar da 'ya'yanku su ma su haihu, ku ƙaru a can, kada ku ragu. Ku nemi lafiyar birnin da na kai ku, ku yi masa addu'a, don a cikin lafiyarsa taku take. Kada ku saurari annabawanku da masu mafarkinku. Sai shekara 70 ta cika wa Babila zan waiwaye ku in komo da ku. Wannan ita ce aya ta 10. Daga ita sai taka, ta 11: na san shirin da nake yi muku, na lafiya ne ba na masifa ba, in ba ku makoma da abin sa zuciya.

Yi lissafi da kanka, ai kai mai awo ne. Kafinta ɗan shekara 41 da ya tsaya a bakin kogin Kebar aka karanta masa wasiƙar nan, ya san a Babila za a binne shi. Jikansa ne zai ga Urushalima. Haka kuwa aka yi: sai a 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, shekarar da ta biyo ya ba da izinin komawa, Haikali na biyu bai kammalu ba sai wajen 516. Ka kuma lura da wani abu da Turanci ke ruɗa mutane da shi, don a wurinsu "kai" da "ku" kalma ɗaya ce. Ibrananci ya bambanta, Hausa ma haka. "Ku" aka ce. Alkawari ne ga jama'a, da tsofaffinta da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ba ina ƙwace maka ayar ba ne. Taka ce, don Allahn da ya faɗe ta bai sake hali ba, kai kuma cikin jama'arsa kake. Amma abin da ta ba ka shi ne: halin da kake ciki bai ɓace masa ba, kuma ƙarshen da ya nufa na alheri ne. Ba ta ba ka ranar da masu aiko maka da saƙo za su daina ba.

Sun bi wasiƙar kuwa? Ƙasa ta ba da shaida. Daga ƙasar Iraƙi ta yau an samu allunan yumɓu kusan 200 da rubutun Babila, da yawansu daga wani ƙauye mai suna Al-Yahudu, wato garin Yahuda, mafi tsufa a cikinsu na shekara ta 572 ne. Babu wa'azi a ciki, babu mu'ujiza. Hayar gona ce, da bashin sha'ir da dabino, da haraji, da rabon gado, da yarjejeniyar aure. Sunayen mutanen kuwa ɗauke da sunan Ubangiji, daga kaka zuwa ɗa zuwa jika. Dogararsu ga Allah, a yadda ta iso gare mu, rasiɗin dabino ne. A gidan tarihi na Berlin a Jamus kuma akwai wasu allunan da aka tono a birnin Babila kansa, lissafin ma'ajin fada, an rubuta man da ake auna wa Yekoniya sarkin Yahuda da 'ya'yansa biyar. Sarki guda, ya koma mai jiran rabo kamar ɗan gudun hijira, kuma sai a shekara ta 37 ta bautarsa aka fito da shi daga kurkuku. Yanzu buɗe Matiyu 1:12. Bayan an kai su Babila, Yekoniya ya haifi Sheyaltiyel, Sheyaltiyel ya haifi Zarubabel, jerin ya gangara har zuwa Yusufu mijin Maryamu, wadda ta haifi Yesu. Ga girman shirin. Abin da shi Yekoniya ya gani a cikinsa, ma'aunin mai ne.

Ina jin ka gane inda na dosa game da mai kwana 90. Ban san shi ba, kuma ba na son sanin sunansa. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta riga ta yanke hukunci: in annabi ya yi magana da sunan Ubangiji ba ta cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada ka ji tsoronsa. Mika ya yi kuka da annabawan da ke duba don kuɗi, masu cewa "salama" ga wanda ya sa musu abu a baki. Kada ka zauna kana cin kanka a kan kuɗin katakon. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Amma in ya dawo ya ce bangaskiyarka ce ta gaza, ko irin da ka shuka ne ya yi kaɗan, ka sani sata ta biyu ce ya zo yi, ta farko a aljihunka, wannan a zuciyarka. Abin da ya fi ba ni haushi da irinsu, in maganarsu ta faɗi, Allah ne mutane ke zargi. Dubi tambayarka: "Ina shirin yake?" Ai ba Allah ne ya sa maka wa'adin kwana 90 ba.

Kalmar da aka fassara "shiri" a ayar nan daga tushen "hashab" take a Ibrananci, wato a lissafa abu a zuci, a ƙulla shi. Ita ce ta zo sau biyu a bakin Yusufu a Farawa 50:20, inda ya ce wa 'yan'uwansa: ku kun ƙulla mini mugunta, Allah kuwa ya ƙulla ta ta zama alheri, don a ceci rayuka da yawa. Aiki ɗaya, masu ƙulli biyu. Ka lura bai wanke su ba, mugunta ya kira ta. Wanda ya cinna wa shagonka wuta mugunta ya yi, zai kuma amsa, kada kowa ya ce maka ka gode masa don wai shi ne hannun Allah.

Amma yaushe Yusufu ya faɗi maganar nan? Yana ɗan shekara 17 aka sayar da shi azurfa 20. Yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. Shekara bakwai ta ƙoshi da biyu ta yunwa suka wuce kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, ya kai 39 ke nan. Ita wannan jimlar kuwa sai bayan rasuwar Yakubu, wanda ya yi shekara 17 a Masar. Dattijo ne ɗan wajen 56 yake waiwaye. A cikin rijiyar fa? 'Yan'uwan da bakinsu suka tuna, a 42:21, yadda ya yi ta roƙonsu cikin azaba suka toshe kunne. A kurkuku roƙon mai shayar da Fir'auna ya yi, ka tuna da ni, ka fitar da ni daga gidan nan, sato ni aka yi. Mutumin ya fita ya manta da shi shekara biyu cur. A duk tsawon wannan lokaci abu ɗaya marubucin ke maimaitawa: Ubangiji yana tare da Yusufu. Bai ce Yusufu ya gane abin da ake ciki ba. Masu son ka ga shirin yau, kana cikin rijiya, suna neman abin da Yusufu kansa bai iya ba.

Akwai wata magana mai ɗaci da ba zan ɓoye maka ba, don kai ba yaro ba ne. A Ayyukan Manzanni 12, Hirudus Agaribas ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yohanna da takobi, aya ɗaya aka ba labarin. Ya kama Bitrus, ya sa sojoji 16 su tsare shi, sarƙa biyu a hannu, mala'ika ya zo da dare ya fitar da shi. Birni ɗaya, ikilisiya ɗaya, sarki ɗaya, kwanaki kaɗan tsakani, Luka kuma bai ba da dalili ba. Ibraniyawa 11 ta ce ta wurin bangaskiya waɗansu suka tsere wa kaifin takobi, ayoyi uku a gaba ta ce waɗansu da takobi aka kashe su, duka kuma an yaba bangaskiyarsu. Shadrak da abokansa sun ce wa sarki Allahnsu mai iko ne ya cece su, amma ko da bai cece su ba, ba za su rusuna ba. Saboda haka ba zan yi maka alkawarin da ba a ba ni ba. Abin da nake tsaye a kai shi ne gicciye. Masu bi na farko, da aka yi musu kashedi, sun yi addu'a suka ce Hirudus da Bilatus da jama'a sun haɗa kai gāba da Yesu, suka aikata abin da hannun Allah ya riga ya tsara. Ranar Juma'ar nan babu almajiri ko ɗaya da ya ga shiri, gawa suka gani. Shirin da ya ratsa ta cikin kabari ya fito, babu abin da masu barazana za su yi maka da zai fitar da kai daga cikinsa. Ka kuma duba abin da suka roƙa a addu'ar, Ayyukan Manzanni 4:29: ka dubi barazanarsu, ka ba bayinka ƙarfin hali.

Saura tambayarka ta uku, in zauna ko in tashi. Babu ayar da za ta yanke maka, wanda kuma ya ce yana da ita ka yi hattara da shi. Yesu ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Yusufu mijin Maryamu, shi ma kafinta, ya ɗauki jariri da uwarsa da dare ya yi Masar. An zura Bulus a kwando ta katangar Dimashƙu. Shi dai Bulus ɗin daga baya ya nufi Urushalima ana riƙe shi ana kuka, bai fasa ba. Tashi ba kafirci ba ne, zama kuma ba lallai jarunta ba ne.

Abin da Littafi ya nuna a fili shi ne alkawarin Allah ba ya soke dabara. A Ayyukan Manzanni 23 Ubangiji ya tsaya wa Bulus da dare ya ce lallai zai yi shaida a Roma. Washegari mutum sama da 40 suka yi rantsuwa ba ci ba sha sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwarsa ya jiyo, ya zo ya faɗa masa. Bulus bai ce "Allah ya riga ya yi magana, je ka gida" ba. Jarumi ya kira, ya ce a kai saurayin nan wurin shugaban sojoji. A daren aka fita da shi zuwa Kaisariya da rakiyar sojoji 470. Nehemiya ma, da Sanballat da Tobiya suka ƙulla musu, a 4:9 ya ce mun yi addu'a ga Allahnmu, muka kuma sa masu tsaro dare da rana. Sai dai in ja kunnenka: matasa na son ayar nan ta hannu ɗaya aiki hannu ɗaya makami. Nehemiya gwamna ne mai takardar sarki a hannu. Kai kafinta ne, kuma Ubangijinka ya ce wa Bitrus ya mai da takobi kube.

Tsaronka shi ne ka daina ɗaukar abin nan kai kaɗai. Ka gaya wa fastonka da dattawan ikilisiya. Ka je wurin mai unguwa da shugaban ƙungiyarku ta kafintoci. Ka kai rahoto wurin 'yan sanda a rubuce, ka riƙe kwafi. Injinan da suka fi tsada kada su riƙa kwana a shago, katako ma ka riƙa sayen na aikin da ke hannu. Ku zauna da maiɗakinka ku tsayar da inda yara za su nufa in abu ya tashi suna makaranta. Yaran shagonka amanar iyayensu ce, su san abin da ake ciki. Sannan ka binciki saƙon kansa: wa ya kawo, daga bakin wa, wa zai ci riba in ka tashi? Ruwa ba ya tsami banza, wani lokaci ana sa wa abu rigar addini alhali wani ne ke kwaɗayin wurin shagon. Nehemiya 6 darasi ne a kan wannan. Sau huɗu aka gayyace shi filin Ono ya ƙi, na biyar aka aiko da buɗaɗɗiyar wasiƙa, wai ana ta faɗa, Geshem, ɗaya daga cikin maƙiyansa, shi ma ya faɗa. Har wani Shemaiya aka saya ya yi masa annabci ya gudu ya ɓuya a Haikali. Nehemiya ya ce duk so suke su tsorata mu hannuwanmu su saki aiki. "Ana ta faɗa" na zamaninmu a WhatsApp yake, kuma shawarata ka daina buɗe shi bayan magariba. In ka bincika, dattawan da suka san unguwar, namu da nasu, suka ce haɗarin na gaske ne, ka kwashi iyalinka ka tafi ba tare da kunya ba. Sana'arka a hannunka take.

Bari in ba ka nawa. Wata shekara da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, maiɗakina ta tattara takardun makarantar yara da na aurenmu da kaya kala bibbiyu ta cusa a jakar Gana-mas-go, ta ajiye bayan ƙofa. Da takalmi nake kwana. Ko kare ya yi haushi sai in miƙe zaune. Jakar nan ta fi wata biyar a wurin, har muka saba ratse ta. Wata safiya na fito na tarar da ita a tsugune bayan ɗakin girki tana kafa sandunan zogale. Na ce, ke da kayanki ke bakin ƙofa? Ta ce jaka aikinta daban, zogale aikinsa daban. Ni da ke koyar da Irmiya a aji, ranar na fahimci sura 29.

A daren da abin ya fi muni kuwa, wani dattijo maƙwabcinmu, Musulmi, mai sayar da goro, ya jawo bencinsa ya ajiye a ƙofar gidanmu ya zauna da carbinsa da 'yar rediyo har asuba. Bai ƙwanƙwasa ba, bai ce mana komai ba, ta kafar ƙyaure na gan shi. Shi nake tunawa duk lokacin da na karanta Irmiya 38. Manyan Yahuda, mutanen Irmiya na jini da addini, su suka zura shi a rijiyar da ba ruwa sai laka, ya nutse. Wanda ya je gaban sarki ya ce an yi mugunta, Ebed-melek ne, baƙo, mutumin Kush, ƙasar da ke kudu da Masar, wajen Sudan ta yau. Kafin ya tafi bakin rijiyar sai da ya bi ta fada ya ɗebo tsummoki, ya zura masa, ya ce sa waɗannan a hammatarka kada igiya ta yanke ka. Na faɗa maka wannan don tsoro yana da wata ɓarna da ta fi hana barci: yana sa ka ga unguwa duka fuska ɗaya. Ka zauna ka lissafa waɗanda suka zo maka jaje lokacin gobarar, da waɗanda har yau suke kawo maka aikin gado da kujera. Umarnin nan na neman lafiyar gari da yi masa addu'a, ga mutanen da ke zaune tsakiyar waɗanda suka ci su da yaƙi aka ba shi. Naka bai kai nan ba. Ka yi wa unguwarka addu'a da sunayen mutane, har da wanda kake zargi. Da wuya, na sani. Kwanakin farko baki kawai zai yi.

Shi kansa Irmiya an sa shi ya sa kuɗinsa a inda bakinsa yake. Sura 32, shekara ta goma ta Zadakiya, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, shi kuma yana tsare a farfajiyar masu gadi. Sai ga Hanamel ɗan baffansa, wai ya sayi gonarsa da ke Anatot, ƙauyensu, 'yan kilomita kaɗan daga birni, inda a dā mutanen garin suka nemi ransa. Gona a lokacin da abokan gaba suka mamaye ƙasa, ko kyauta wa zai karɓa? Ya auna shekel 17 na azurfa, ya sa hannu, ya kira shaidu, aka yi takarda biyu, ɗaya a hatimce ɗaya a buɗe. Ya ba Baruk magatakardansa ya ce a sa su a tulun ƙasa don su daɗe, gama za a sake sayen gidaje da gonaki a ƙasar nan. Yana gama wannan ya koma ga addu'a, ƙarshenta kuwa kusan ƙorafi ne: ga birni ya faɗa hannun Kaldiyawa, wato mutanen Babila, kai kuma ka ce in sayi gona. Ya biya kuɗin tukuna, sannan ya yi tambayar.

Birnin ya faɗi, aka ƙone Haikali. Daga baya ragowar mutanen Yahuda suka tisa ƙeyar Irmiya zuwa Masar ba da son ransa ba, a can kuma labarinsa ya tsaya, takardar gona na cikin tulu. In ka sami sarari yau da dare, tunda dai ba barcin kake yi ba, buɗe Ezra sura 2, jerin waɗanda suka komo daga Babila gari-gari, irin shafin da kowa ke tsallakewa. Sa yatsa ka gangara zuwa aya ta 23. Mutanen Anatot, 128.